Bayan An Zama Dakta, Sai Kuma Ina?

Maganarmu ta yau a kan wani digiri ce wanda da can sai dai mu ji sunansa a rediyo, amma yanzu ya fara shigowa gidajenmu na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, watau digiri na uku, wanda 'yan boko ke kira digirin digirgir. Shi ne wanda in mutum ya samu ake ce masa Dakta, ko da kuwa bai taɓa riƙe allura ba. Har yanzu a ƙauyukanmu in aka ce ɗan wane ya zama dakta, ba a rasa tsohuwar da za ta goyo jikanta mai zazzaɓi ta nufo gidan, sai an yi mata bayani cewa wannan daktan na tarihi ne. To, irin waɗannan daktoci nake nufi, watau na Hausa da Larabci da Turanci da tarihi da ilmin addini. Tambayar kuwa guda ɗaya ce: in mace ta sha wahala ta kai wannan matsayi, wane aiki ne ke jiranta?

Na san wata za ta ce, mu da muke fama 'yarmu ta gama sakandare ba a cire ta ba, ina ruwanmu da digirin digirgir? Da ruwanki ƙwarai, uwargida. In maigida ne ko ƙaninki ya shiga wannan karatu, daga tukunyarki za a rage kuɗin. In ke malama ce mai NCE ko digirin farko, wataƙila kina da burin ci gaba. Ke kuma yarinya da ke aji uku na ƙaramar sakandare a Farin Dutse ko Sara ko Basirka, kwanan nan za a ce ki zaɓa tsakanin ajin kimiyya da ajin at, kuma abin da mutanen gidanku suka gani ya sami masu karatun tarihi da harsuna, da shi za su ba ki shawara.

Bari mu fara da tsawon hanyar. Digirin farko shekara 4 ne, bautar ƙasa shekara 1, digiri na biyu kamar shekara 2, na uku kuma a takarda shekara 3 ne, amma wanda ya gama a cikin ukun nan ya yi sa'a ƙwarai. Ga yajin aikin malaman jami'a, wanda a 2020 ya ci wata 9, a 2022 kuma ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18, da wuya a kira ta Dakta ba ta haura 30 ba, kuma a al'adarmu kafin nan tana ɗakinta da 'ya'ya biyu ko uku. Kuɗin rajista, kuɗin mota zuwa Kano ko Zariya, kuɗin buga kundi a gyara a sake bugawa, duk daga aljihu. Akwai asusun TETFund da aka yi wa doka a 2011, wanda ke biya wa mutane wannan karatu, amma ku lura, malaman da suka riga suka sami aiki a jami'a ko kwalejin gwamnati yake biya wa. Wadda ke waje ita za ta biya wa kanta. Ko su malaman ma, daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura su ƙasashen waje, saboda tsadar dala da kuma yadda wasu in sun tafi ba su dawowa.

To me ya sa mutane suka yi tururuwa zuwa wannan digiri? Dalili a fili yake. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ya binciki halin da jami'o'inta da na jihohi ke ciki, ya tarar akwai malamai 37,504, amma kashi 43 cikin 100 kaɗai ke da digiri na uku. Mata kuwa a cikin malaman nan kashi 17 ne kacal. Hukumar jami'o'i ta matsa cewa malamin jami'a ya kamata ya zama dakta. A daidai wannan lokaci ne kuma aka yi ta buɗe sababbin jami'o'i. Jiharmu ta Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta yi shekara 20 ba ta da jami'a ko ɗaya, sai ga ta Tarayya a Dutse a 2011, sai ga ta Jiha a Kafin Hausa a 2013. A shekarun nan wanda ke da digiri na biyu ma nemansa ake yi. Waɗanda suka shiga a lokacin sun dace, kuma su ne ƙannensu ke kallo a yau suna cewa mu ma haka za mu yi.

Amma kasuwar ta sake. Kujerun da aka buɗe a 2011 da 2013 an cika su, kuma yawancin waɗanda suka hau matasa ne. Dokar 2012 ta ce farfesa sai ya kai shekara 70 zai yi ritaya, sauran malaman jami'a kuma 65. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ce ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantu nata har shekara 7. Jami'ar Tarayya ta biyu da Jigawa ta samu, watau ta Baɓura a 2021, ta fasahar ƙere-ƙere ce. Daɗin daɗawa, tsarin ilmi na ƙasa tun da daɗewa ya ce a jami'a a ba kimiyya kashi 60 na gurbin ɗalibai, sauran fannoni su raba 40. Ga kuma wani lissafi wanda ko 'yar aji huɗu za ta iya. Farfesa guda a tsawon aikinsa yana iya yaye daktoci goma ko fiye, amma ran da zai tafi kujera ɗaya zai bari. Sauran taran fa? Kuna jin jami'o'i na kukan ƙarancin malamai, gaskiya ne kuwa, sai dai ƙarancin malami daban, a ba da kuɗin ɗaukar sabon malami daban.

Wasunku za su tuna abin da Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta nan Birnin Kudu, ya bayyana a 2012. Kamfaninsa ya yi tallar neman direbobin manyan motoci masu ilmi, sai mutum kamar 13,000 suka nema, a cikinsu 8,460 masu digirin farko, 704 masu digiri na biyu, 6 kuma daktoci. An yi ta dariya da jimami a jaridu. Ni dai ban ga abin dariya ga mai neman halaliyarsa ba, amma mace ta tambayi kanta, in maza sun koma tuƙin tirela, ita ina za ta koma?

Kada ku zaci ciwon namu ne mu kaɗai. A Amurka, ƙungiyar malaman harsuna ta can ta ƙirga guraben koyar da Turanci 1,826 da aka yi talla a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008, bayan shekara 10 kuwa ba su kai 900 ba. A 2011 shugabannin ƙungiyar masana tarihi ta ƙasar suka fito suka gaya wa 'yan'uwansu farfesoshi cewa su daina kallon ɗalibin da ya sami aiki a wajen jami'a kamar wanda ya faɗi jarrabawa, su kuma shirya ɗalibai tun suna karatu domin ayyukan gidajen tarihi da ma'aikatu da kamfanonin ɗab'i. Su sun yi wannan magana shekaru da dama da suka wuce. Mu nan har yanzu in dakta ba ya koyarwa a jami'a, gani ake kamar wani abu ya same shi.

Matar aure ita ce abin ya fi ƙuntata wa. Namiji in ya ji gurbi a Kashere ko Dutsin-Ma ko Gashuwa, sai ya ɗauki jakarsa, ya riƙa zuwa gida ƙarshen wata. Mace mai goyo, wadda maigidanta ke aiki a sakatariyar Gwaram ko yake noma a Farin Dutse, ba za ta iya haka ba cikin sauƙi. Dutse ita ce kusa, Kafin Hausa da Gumel da Ringim kuwa tafiya ce sosai. Saboda haka in namiji yana da ƙofa goma, ita tana da ɗaya ko biyu, kuma kowa ya san yadda ake rububin su.

Mu malaman firamare mun san irin wannan labari tun kafin ya kai ga daktoci. Lokacin da aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu zinariya ce, mai ita ba ta kwana ba aiki. Daga baya aka ce mafi ƙarancin takardar shiga aji ita ce NCE, aka mai da kwalejojin horon malamai makarantun sakandare. Yau ga masu NCE da masu digiri suna layin neman koyarwa na wucin gadi. Takarda darajarta na hawa tana sauka bisa ga yawan masu ita da kuma abin da gwamnati ta ga dama. Abin da ba ya sauka shi ne abin da hannunki ya iya. Malamar da ta iya koya wa yaro karatu cikin wata uku, har gobe iyaye na bin ta gida da 'ya'yansu, ba su tambayar wace takarda take da ita.

In aka zo maganar wasu hanyoyi, mutane kan fara kawo manyan sunaye. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 'yar Ringim, tarihi ta karanta a Jami'ar Bayero a digirinta na farko da na biyu, ta yi na uku a fannin ilmi a Amurka a 1991, ta riƙe kwamishina a Jigawa, sa'an nan ta zama Ministar Ilmi daga 2010 zuwa 2013. Farfesa Mahmud Yakubu daktan tarihi ne daga Jami'ar Oxford, shi ya shugabanci kwamitin nan na 2012 da na ambata, ya kuma riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2015 zuwa 2025. Farfesa Shehu Galadanci masanin Larabci ne, ya yi jakadan Nijeriya a Saudiyya. Duk wannan ya nuna mai karatun tarihi ko harshe yana iya riƙe babbar ma'aikata, kuma ya isa amsa ga masu cewa ajin at ajin raggaye ne. Amma kada mu ruɗi kanmu. Waɗannan muƙamai naɗi ne, kuma dukansu daga cikin jami'a aka ɗauko su. Ba a rubuta takardar neman aikin minista. Ƙofofin da 'yar talaka za ta iya ƙwanƙwasawa da kanta ba su kai waɗannan girma ba, amma suna nan.

Ta farko ita ce harshen da muka tsotsa. Hausa na ciyar da mutane da yawa. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, rediyon Jamus a 1963, na Faransa a 2007, TRT Afrika ta Turkiyya a 2023, ga gidajen rediyo na jiha da masu zaman kansu, ga tashar Arewa24 da ta fara a 2014 tana bukatar masu rubuta wasan kwaikwayo. Duk ƙungiyar da ke aikin rigakafi ko awon ciki ko noman rani tana bukatar a mai da takardunta Hausa. Ku dubi wasu takardun da ake liƙawa a asibiti, Hausar ciki sai ki karanta sau uku ba ki gane ko sha za a yi ko shafawa ba. Wannan aikin wanda ya san harshen ne aka ba wanda bai sani ba. Sa'an nan ga sabuwar kasuwa ta na'ura. Google ta sa Hausa cikin manhajarta ta fassara a 2013, Facebook ta sa a 2016, kuma kamfanonin da ke koya wa kwamfuta magana suna biyan mutane su duba Hausar da na'ura ta rubuta su gyara. Alherin wannan aiki ga matar aure shi ne daga ɗakinta za ta yi shi. Wahalarsa kuma ita ce wutar lantarki da intanet, waɗanda kun san halinsu a ƙauyukanmu, kuma biya ake yi bisa ga abin da kika yi, babu albashin wata balle fansho. Duk wanda ya ce ki fara biyan kuɗin rajista kafin ya ba ki aikin fassara, ɗan damfara ne. Ku kuma tuna yadda Muryar Amurka, wadda ta fara shirin Hausa a 1979, ta yi tsit a watan Maris na 2025 da umarnin gwamnatin can. Ba a ɗora tukunya a kan murhu mai dutse ɗaya.

Ta biyu littattafan makaranta. An cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare a 2009, aka yi bikin dawo da shi a 2022 tare da zaɓen malamai 3,700 domin horaswa, a 2025 kuma aka ce ya zama dole daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. To da wane littafi za a koyar? Yaron Gwaram zai haddace labarin daular Oyo da ta Benin, wannan ba laifi, amma wa zai rubuta masa yadda aka yi Tsohuwar Gwaram da Sabuwa, cikin harshen da zai gane? Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi manyan littattafai na masana, amma abin da ya sa kowace uwa ta san sunansa shi ne ƙananan littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Sai dai a nan ma a yi hattara da dogara ga manufar gwamnati. A 2022 aka ce za a koyar da yaran firamare da harshen uwa har shekara 6, masu digirin Hausa suka yi murna, a Nuwamban 2025 sai Ministan Ilmi ya ce an soke, a koma Turanci. Ni a ganina wannan kuskure ne, domin na san yadda yaron aji ɗaya ke zare ido in an yi masa Turanci zalla, amma wannan maganar wata rana ce.

Ƙofa ta uku ita na fi so mu tsaya a kanta, domin a nan ne mace ta fi namiji dama. A Birnin Kudu akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, yawancinsu siffofin shanu, da kuma duwatsu masu amo in an buga su kamar ƙararrawa. Wani Bature mai suna Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun a shekarun 1950, kuma suna cikin kayan tarihin da Gwamnatin Tarayya ke karewa. Masana daga ƙasashen waje sun san da su. Ku 'yan makarantar da kuke kusa da su, mutum nawa cikinku aka taɓa kai su su gani? Wannan na waje ke nan. Na cikin gida ya fi yawa, kuma ya fi saurin ɓacewa. A cikin gafakar tsofaffin malamai akwai takardun ajami da gara ke ci. A bakin kakanninmu mata akwai waƙoƙin daka da na niƙa da na raino, da tatsuniyoyi, da labarin yunwa da ƙaura, da sanin magungunan jego. Injin niƙa ya riga ya kashe waƙar niƙa, wayar hannu kuma na nan na cinye tatsuniya. Duk tsohuwar da aka kai makwanci, da nata kason take tafiya. Namiji, komai digirinsa, a zaure zai tsaya, domin gidan ba-shiga ne. Mace kuwa za ta yi sallama ta shige har ƙuryar ɗaki, ta zauna a kan tabarma, ta taya tsinkar zogale, a gaya mata abin da ba za a taɓa gaya wa baƙo ba.

Za ku ce wa zai biya ta? Akwai masu biya, ko da yake ba su zuwa neman mutum har gida. Babban ɗakin karatu na Ingila yana da shiri tun 2004 na ba da kuɗi domin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke cikin haɗarin lalacewa, kuma an yi irin wannan aiki a nan Arewa. Jami'ar Boston ta Amurka ta tara takardun ajami na Hausa da na wasu harsunan Afirka. A gida ga Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can Kadunan, ga Gidan Makama a Kano. Haka kuma ƙungiyoyin lafiya da na ilmin 'ya'ya mata kullum suna neman wadda za ta shiga gidaje ta yi hira da mata, ta gane abin da suke nufi har da wanda ba su furta ba, ta dawo ta rubuta rahoto mai ma'ana. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da digirin digirgir ke koya wa mutum, watau yin tambaya, da auna magana, da rarrabe ji-ta-ji-ta da hujja, da haƙurin rubutu mai tsawo. Abin takaici, jami'o'inmu ba su koya wa ɗalibi yadda zai rubuta takardar neman irin wannan tallafi, ko yadda zai tsara lissafin kuɗin aiki, ko yadda zai mai da kundinsa mai shafi 300 ɗan littafin da za a saya a kasuwar Sara. Kundin sai ya kwanta a kan kanta a ɗakin karatu, ƙura ta rufe shi, mutanen da aka yi binciken a kansu ba su ma san an gama ba.

Sai kuma koyarwa a ƙasa da jami'a. Ban ga abin kunya ba don Dakta ta riƙe makarantar sakandaren 'yan mata, ko ta shiga sashen tsara manhaja a ma'aikatar ilmi, ko ta buɗe makarantarta ta matan aure. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma babban aikinta jajojin da ta horar ne, waɗanda suka riƙa kai ilmi ƙauye-ƙauye. Abin da ke korar mutane daga sakandare shi ne tsarin aikin bai san da zaman wannan digiri ba yadda ya kamata, malama ta dawo da shi ta tarar bambancin albashinta da na jiya bai taka kara ya karya ba. Nan ne ya kamata Gwamnatin Jiha ta duba. Tana kashe kuɗi mai yawa wajen tura yara karatun likita ƙasashen waje, kuma mun gode, domin muna bukatar likitoci mata. Amma ƙaramin alawus ga daktan da ya yarda ya zauna a sakandaren karkara ba zai karya baitulmali ba.

Ke 'yar makaranta, in zuciyarki na ga tarihi ko Hausa ko Larabci, ki shiga ajin at da ƙarfin gwiwa, kada ki bi ƙawa zuwa ajin kimiyya kina kuka da lissafi. Amma ki riƙe abu biyu tun yanzu. Ki iya rubutu, Hausa da Turanci, rubutu mai tsabta wanda ba sai an gyara ba, har da sanin inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ. In kin sami hali ki ƙara da Faransanci, domin Nijar na maƙwabtaka da mu ta Maigatari, kuma mai Hausa da Turanci da Faransanci tsada gare ta a wajen ƙungiyoyi. Na biyu ki koyi kwamfuta, ba latsa waya kawai ba. In Allah ya sa kin gama digirin farko, shawarata ki fara taɓa aiki tukuna, ko na rediyo ne ko na aji, kafin ki zarce. Maganar ci gaba da karatu kuma a yi ta a fili tun ana neman aurenki, gaban waliyyai, kada a bari sai an kai ki ɗaki.

Ke kuma uwargida da ke shirin komawa, kafin ki sayi fom ki zauna da maigida ku yi lissafi na gaskiya, shekara nawa, Naira nawa, wa zai riƙe yara ran da za ki kwana Kano. Ki tambayi wurin aikinki a rubuce ko za su ba ki hutun karatu da albashi, kuma wane mataki za su sa ki in kin dawo. Ki je sashen da kike so ki tambaya cikin ladabi, waɗanda suka gama a shekaru biyar ɗin nan ina suke aiki yanzu? In an yi ta kame-kame, kin sami amsarki. Ki kuma zaɓi abin bincike wanda ke kusa da ke kuma wani ke bukatarsa, kamar harshen da ungozoma ke amfani da shi, ko tarihin kasuwannin ƙasarmu, maimakon ki maimaita abin da mutum ashirin suka riga suka tatse. Wadda Allah ya hore wa, take son ilmin don kansa, ba mai hana ta, neman ilmi ai ibada ne. Wadda nake ji wa tsoro ita ce mai sayar da gonar gado ko tumakin kiwonta bisa zaton kujera na jiranta a jami'a. Haka nan in maigida ne zai tafi, kina da haƙƙin ki yi masa waɗannan tambayoyi cikin lumana, tun da da ke za a sha wuyar.

Muna roƙon 'yan'uwa mata na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu da kewaye waɗanda suka yi digiri na biyu ko na uku a waɗannan fannoni su rubuto wa wannan fili, su gaya mana shekara nawa karatun ya ɗauke su, wa ya biya, kuma wane aiki suke yi yanzu, ko a jami'a ne ko a wajenta. Wadda ba ta son a buga sunanta ta faɗa, za a sakaya.